Ranar da Aka Ja Motar Tanimu Direba

Ku gyara zama, ku da kullum kuke cika baki cewa babu gardamar da ta fi ƙarfinku. Yau na zo muku da wadda ni kaina na kasa rabawa, kuma ba na son kowa ya tsoma mini baki sai na dire.

A Kaduna an yi wani direba ana ce masa Tanimu. Shekara talatin da 'yan kai yana jigila tsakanin Kaduna da Zariya da mota guda, doguwa fara mai cin mutum bakwai, wadda ya sa aka rubuta wa "Ba Gaggawa" a gilashin baya. Sunan ya bi motar har 'yan tasha suka manta lambarta. Fasinja mai sauri ba ya shigarta, amma tsofaffi da masu juna biyu da masu ɗauke da kiret ɗin ƙwai sai su zauna a benci su ce ita suke jira.

Allah bai ba Tanimu da matarsa Inna Yalwa haihuwa ba. Abin da ya ba su shi ne yaran mota uku da suka tashi a hannunsu, suka ci tuwon Inna har suka yi gemu, wasunsu ma har da furfura. Ɗayyabu ya zama direban wata ma'aikata, kuma yana cikin 'yan sa-kai masu taya jami'an kiyaye haɗurra aiki; mutum ne mai bin ƙa'ida har ya ba ka haushi. Badamasi ya zama bakanike, yana da a-kori-kura ta kansa da yake ɗaukar kaya, ga zafin nama ga saurin hawa. Mudi kuwa, wanda kowa ya shaida ya fi su hannu a sitiyari, ya bar tuƙi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da taya ta fashe masa da fasinja cike aka rasa mutum biyu. Tun daga ranar yake sayar da lemo a bakin tasha, ko kujerar gaba ba ya yarda ya zauna.

Da ciwo ya kayar da Tanimu, likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a, 'yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa ƙauyensu Rafin Kanya, can gaba da Zariya. Motar aka bari a Kaduna cikin rumfa, an lulluɓe ta da tamfol. Mako uku yana kwance, ya daina cin abinci, magana ma sai da ƙyar. Rannan da safe Inna Yalwa tana goge masa fuska da ruwan ɗumi, ya kama hannunta ya ce, "Yalwa, ban yi sallama da ita ba." Ba ta tambaye shi da wa ba. Matar da ta yi shekara talatin tana ɗora ruwan tuwo da zarar ta jiyo ƙarar injin nan daga kan kwana ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta ɗauki mayafinta ta ce da ƙanwarsa Asabe ta kula da shi, ita za ta je ta dawo.

A ranar ta isa Kaduna, ta aika wa mutum ukun nan, kuma kashegari da sassafe duk suna ƙofar gida. Badamasi ya sa batir, ya zuba baƙin mai, ya yi ta fama har motar ta yi tari ta tashi. Ya kasa kunne ya girgiza kai, ya ce, "Inna, ta tashi, amma ban yarda da wannan ƙarar ba. Zan biyo ku da tawa." Ɗayyabu ya riƙe sitiyari, Inna tana gefensa, Mudi ya lafe a kujerar baya. Inna tana jin warin kujerun, man fetur da goro da turaren mijinta, sai hawaye suka zo mata, ta juya fuska waje don kada su gani.

Sun wuce Jaji da kaɗan, hantsi ya ɗaga, inji ya yi wata ƙara kamar an jefa dutse cikin tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta mutu. Kuma ba ta tashi mutuwa ba sai a kan wata 'yar gada, bayan kwana, inda babu gefen da za a raɓa. Rabin jikinta yana kan kwalta, ƙarfen gadar kuma ya tokare ƙofar Inna, ga ta da ciwon gwiwa, ba ta iya tsallakowa ta wajen direba da sauri. Badamasi ya tsaya shan mai a baya, ba a ko hango shi.

Mudi ya yi abin da kowannenmu zai yi: ya fita da gudu ya karyo ganye ya fara jerawa a kan titi. Ɗayyabu ya daka masa tsawa cewa mai tahowa daga kwana ba zai ga ganye ba sai ya taka shi. Ya fizgi sikoshan, jar alamar nan mai kusurwa uku, da rigarsa mai ƙyalli ta aikin sa-kai, ya ruga baya har ya sha kwanar. Bai gama kafa alamar ba sai ga tirela maƙare da siminti ta taho a hannun da motar take. Mai hankali gefe zai yi. Ɗayyabu tsakiyar hannun ya tsaya, yana kaɗa rigar sama da hannu biyu, har sai da ya ga direban ya gan shi ya fara karkata hagu, sannan ya yi tsalle ya faɗa kwalbati. Inna dai abin da ta sani, wani ƙaton abu ya wuce ta gefenta da ihun birki, motar ta yi girgiza, ganyen Mudi ya tashi sama. Ta yi salati ta sake yi. Da Ɗayyabu ya fito daga kwalbatin, hannunsa na dama yana lilo, ya karye a wuyan hannu.

Can sai ga Badamasi. Shi da Mudi suka tura motar ta sauka daga gadar zuwa gefen titi, suka fito da Inna, suka ɗaure wa Ɗayyabu hannu da kara da ɗankwalinta na cikin jaka. Badamasi ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya rufe a hankali. Ya ce inji ya buga, ba gyaran bakin hanya ba ne, ba ma na kwana ɗaya ba. Suna cikin haka wayar Inna ta yi ƙara. Asabe ce, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce numfashin Yaya ya sauya tun hantsi, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tambaye shi ko sun taso.

Suka ce da Inna su tare mata motar haya ta wuce, su za su biyo da wannan. Ta ce a'a. Ta ce ba za ta shiga ɗakin nan hannu rabbana ba, ya kalli bayanta ya ga babu komai. Nan Badamasi ya jawo wata igiya mai kauri daga bayan a-kori-kura, irin wadda yake ɗaure buhuna da ita, ya durƙusa zai ɗaura. Ɗayyabu ya sa ƙafa ya taka igiyar.

"Ba za a ja ta da igiya a wannan titin ba," in ji shi. "Sai da sandar ƙarfe. Doka ke nan, kuma ba don ado aka yi ta ba. Motar da injinta ya mutu birkinta ba ya ci. In ka taka naka a gangara, cikinka za ta shige. In kuma muka isa shinge da igiya, ajiye ta za a yi."

Badamasi ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Oga yana can yana jan numfashi, kai kana nan kana karanta mana doka? Mota nawa na ja da igiyar nan?"

Amma maganar da ta fi zafi daga bakin Inna ta fito. Ta ce, "Ɗayyabu, da hannuna na ba ka tuwo. Mijina mutuwa yake yi. Ka ɗage ƙafarka."

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga kan karyayyen hannunsa. Ya ce, "Inna, ki yi mini duk fushin da za ki yi. Ni dai so nake ki isa, ita ma ta isa." Bai ɗage ƙafar ba. A wannan lokacin Inna Yalwa ta ji ta tsane shi, kuma ta faɗa daga baya ba ta ɓoye ba.

To, ina za a samu sandar ja a dajin Allah? Badamasi ya tsaya yana huci, yana kallon motarsa. A bayanta akwai wasu bututun ƙarfe masu kauri da ya sa aka yi mata rumfa da su, su ne abin da yake ɗaure kaya a jiki, in babu su rabin aikin motar ya tafi. Ya auna tsakanin ƙugiyar motarsa da ta Ba Gaggawa da taƙi, ya shiga ya tayar. Garin da ke da mai walda yana bayansu, a ɗaya hannun, kuma nan ma sai da Ɗayyabu ya ɗaga masa murya cewa kada ya kuskura ya bi hannun da ba nasa ba, ya je gaba ya yi kwana inda aka tanada. Badamasi ya zage shi, amma ya bi maganarsa.

Ya tarar da rumfar mai walda a buɗe, mai ita ya tafi ɗaurin aure da tabaransa na aiki a aljihun babur. Maƙwabcinsa mai faci ya ce in ya iya, ga janareta nan. Badamasi ya yanke bututun motarsa da zarto, ya haɗa biyu ya yi ɗaya don ƙarfi, ya lanƙwasa kunnuwa a kowane baki, ya yi walda da idonsa tsirara, yana kare fuska da tafin hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu. Duk bakanike ya san abin da wutar walda take yi wa ido, ba ta nuna kanta sai an jima. Ya sani, ya yi. Da ya dawo an yi azahar, sandar tana da ɗumi, ya kwanta ƙarƙashin motocin ya ɗaure ta da noti, ya hau kanta da ƙafa biyu ya yi tsalle, ko motsi ba ta yi ba.

Inna duk wannan lokacin tana zaune a inuwar wata ɗorawa, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, tana tsoron ta yi ƙara tana kuma tsoron shirunta.

Saura abu guda, kuma kowa ya san shi. Motar da ake ja sai da mutum a sitiyarinta. Badamasi shi ne mai ja. Ɗayyabu hannu ya karye. Ɗayyabu ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, wanda zai zauna sai mai lasisin da bai mutu ba, kuma shi kaɗai, ba a barin fasinja a ciki. Mudi yana tsaye nesa kaɗan, yana murza hularsa. Inna ta dube shi, ta kasa roƙonsa. Ta san abin da yake gani in ya rufe ido, don ita ce ta yi jinyarsa wata biyu bayan haɗarin, lokacin da ko ƙarar faranti sai ta sa shi zabura.

Mudi ya zura yatsa cikin naɗin hular ya zaro kati ya miƙa wa Ɗayyabu. Lasisi ne, sabo, da sauran shekara a gaba. Ya ce, "Duk lokacin da ya ƙare Oga ne yake kama hannuna mu je a sabunta. Na ce masa ba zan sake tuƙi ba. Ya ce shi bai tambaye ni ba." Ya buɗe ƙofar direba, ya daɗe a tsaye, sannan ya yi bisimilla ya zauna.

Ɗayyabu ya sa aka rubuta a kwali cewa jan motar ake yi, aka manna a gilashin baya, aka kunna fitilun gargaɗi na motocin biyu. Ya shiga gaban a-kori-kura ya zauna a tsakiya, Inna a bakin taga. Suka hau titi a hannun dama, suna tafiya kamar masu rakiyar amarya, manyan motoci suna wuce su suna hon.

Inna ba ta kalli gabanta ba ko sau ɗaya. Madubin gefe ta zuba wa ido, inda take hango fuskar Mudi. Wanda bai taɓa riƙe sitiyarin matacciyar mota ba ba zai gane ba. Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, ba ka ganin komai sai bayan motar da ke gabanka taku uku, ba ka da ikon tsayawa, ba ka da ikon kaucewa, rami ma sai ka faɗa shi kake sanin yana nan. Duk tirelar da ta wuce, sai Inna ta ga kafaɗunsa sun ɗaga. Gumi ya jiƙe masa riga har ta manne. A wata doguwar gangara wata motar haya ta yanko gabansu ta tsaya ɗaukar fasinja, Badamasi ya take birki da ƙarfi. Sandar ta yi ƙara ta riƙe, amma bayan Ba Gaggawa ya fara zamewa wajen kwalbati. Inna ta ga Mudi ya miƙe rabin tsayuwa a kan birki, ya murɗe sitiyari da dukan ƙirjinsa, ya maido ta layi. Da suka daidaita ta ga bakinsa yana motsi, ta gane ba addu'a kaɗai yake yi ba, magana yake yi da motar, yadda maigidansa yake yi.

Kafin Zariya suka tarar da shingen jami'an kiyaye haɗurra. A gefe ga wasu motoci biyu ɗaure da igiya an ajiye su, masu su suna zaune a kan dutse sun yi tagumi. Wani jami'i ya zagaya, ya taɓa sandar, ya karanta kwalin, ya karɓi lasisin Badamasi da na Mudi ya duba. Ya leƙo ya ga tsohuwa da mai karyayyen hannu, ya tambayi inda za su. Da aka faɗa masa wajen mai motar za su, yana kwance rai a hannun Allah, ya miƙa takardun da hannu biyu ya ce Allah ya ba shi lafiya, su sauka daga babban titi da zarar sun kai mararrabarsu. Inna ta miƙa hannu ta gyara wa Ɗayyabu ɗaurin karayarsa da ya sassauta.

A hanyar ƙauye idanun Badamasi suka fara. Suka yi jajur, ruwa yana zuba, yana jin kamar an watsa masa yashi. Ya rage tafiya har ta koma ta mai keke, yana share ido da kafaɗa, Ɗayyabu yana faɗa masa inda rami yake. Haka suka shiga Rafin Kanya bayan la'asar, mai ja ba ya gani sosai, mai nuna hanya ba shi da hannu, na baya kuma yatsunsa sun ƙage a sitiyari, sai da aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Tanimu yana da rai. Da Inna ta shiga ta durƙusa ta ce masa, "Malam, ga ta a ƙofar gida," sai ya buɗe ido ya ce a fitar da shi. Aka ɗauko shi a tabarma, ba shi da nauyin komai, aka zaunar da shi a kujerarsa aka tokare shi da matashi. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari. Ya shafa gaban motar, ya gyara madubi kamar mai shirin tashi. Ya dubi sandar da ke haɗe da motocin, ya dubi mutum ukun da ke tsaye a jere kamar waɗanda aka kwaso daga asibiti, sai ya yi 'yar dariya, irin wadda Inna ta yi wata uku ba ta ji ba. Ya ce, "Ba ku wahalar mini da ita ba dai?" Suka ce a'a, Oga, a hankali aka zo. Ya ce a kawo masa kunu. A cikin motar ya sha, rabin kofi, Inna tana riƙe masa.

Ya ƙara kwana biyu. A safiyar da zai cika, ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro makullin motar ya danƙa wa matarsa. Ya ce, "Ban bar ɗa ba, Yalwa. Ki ba wanda ya kawo mini ita. Shi ne magajina a tasha, shi ne kuma zai riƙa leƙo ki." Kafin ta tambaye shi wanne daga ciki, ya koma barci, kuma bai sake magana ba.

Bayan addu'ar bakwai ta tara su a tsakar gida ta faɗa musu. Ɗayyabu ya ce shi hana aiki kawai ya yi, a ba Badamasi da ya yanka motarsa ya ba da idonsa. Badamasi, da tsumma mai sanyi a fuska, ya ce ƙarfe ko wane maƙeri zai haɗa, a ba Mudi. Mudi ya ce shi zama kawai ya yi aka ja shi, kuma ba don Ɗayyabu ba da babu motar, babu Innar ma. Inna Yalwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ji duk wanda ta miƙa wa ta zalunci biyu, ga shi kuma wasiyya ce, ba ta da ikon riƙewa. Ta ƙulle makullin a bakin mayafinta, tana kuka tana sa musu albarka.

Makulli ɗaya ne, ba ya rabuwa uku, mamaci kuma mutum ɗaya ya ce. To, ku da kuka ji yadda aka yi, wa Inna Yalwa za ta kwance mayafinta ta ba?